Ciwon duburar kaza mai ƙwai: a duba tukuna kafin a sayi magani

A yawancin gidajen karkara na jahohin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Doso, kaji dukiyar mata ce da yara. Da kuɗin kaza ake sayen sabulu da kayan miya, da shi ake biyan zubin asusu, kuma ita ake kamawa a kai kasuwa ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi. Kazar gida takan yi ƙwai sau uku ko huɗu a shekara, kowane karo ƙwai 10 zuwa 15. Idan uwar kaza guda ta mutu, an rasa ta, an kuma rasa duk ƴan tsakin da za ta ƙyanƙyashe a shekarar.

Ɗaya daga cikin koke-koken da ma'aikatan kiwo suka saba ji shi ne: "Gindin kazata ya ɓaci, yana wari, ta daina ƙwai." Abin da aka fi yi a irin wannan hali shi ne a sayo kafso wajen mai tebur, a fasa a zuba cikin ruwan sha. Sau da yawa kuɗin ya tafi, kazar kuma ba ta warke ba. Dalili kuwa, ɓacin dubura alama ce da matsaloli aƙalla biyar ke kawowa, kuma kowace da hanyar maganinta. Wannan darasi zai nuna yadda ake rarrabe su da ido da hannu, abin da za a iya yi a gida, da lokacin da ya zama dole a kira likitan bisashe.

Yadda duburar kaza take

Kaza ƙofa ɗaya gare ta a baya. Ta nan kashi ke fita, ta nan ƙwai ke fita, ta nan ne kuma zakara ke barbararta. Ba ta da mafitsara. Fitsarinta shi ne farin nan mai kama da alli da ake gani a saman kashinta. Saboda haka duk abin da ya taɓa hanji, ko ƙoda, ko mahaifar ƙwai, a dubura zai bayyana.

Ƙwai ɗaya yakan ɗauki awa 24 zuwa 26 kafin ya kammala, kuma kusan awa 20 daga ciki wajen yin ɓawo yake tafiya. Lokacin da kaza za ta saka shi, bakin mahaifar yakan ɗan juyo waje don kada ƙwan ya haɗu da kashi, sannan ya koma ciki nan take. A wannan ɗan lokaci naman yana fili, ja ne, mai laushi. Idan sheƙar da datti, ƙwayoyin cuta na samun hanya. Idan wata kaza ta hango jan naman, takan kai masa sara.

Duburar kaza mai lafiya da ke cikin ƙwai faɗi gare ta, da danshi da laushi, launinta fari-fari mai ɗan ja, gashin da ke kewaye da ita a bushe kuma a tsabtace. Ta wadda ba ta ƙwai ƙarama ce, a bushe, a tsuke. Akwai kuma ƙasusuwa biyu masu tsini a gefenta: idan yatsu biyu ko uku suka shiga tsakaninsu, kazar na ƙwai, idan yatsa ɗaya ne kawai, ta tsaya. Yana da kyau kowace mai kiwo ta saba da duba kajinta tun suna lafiya, domin wadda ta san lafiya ita ke gane ciwo da wuri.

Yadda ake duba kazar

A kama ta da sassafe kafin a buɗe akurki, ko da dare tana kwance, don kada a kore ta ta wahala. A rungume ta a hammata, kanta na kallon baya, a ɗaga jelar a wurin da ke da haske. Sai a nemi amsar waɗannan tambayoyi:

- Kaza nawa ce abin ya sama, guda ɗaya ko da yawa a lokaci guda?
- Me ya ɓata gashin: kashi ne, ko wani ruwa mai yauƙi da wari, ko jini?
- Fatar ta yi ja ta kumbura? Akwai naman da ya fito waje?
- Idan aka taɓa cikin a hankali tsakanin ƙafafu da dubura, ana jin abu mai tauri kamar ƙwai?
- Akwai ƙwari a gindin gashin, ko tsutsa cikin miki?
- Tana ci, tana sha, tana yawo? Yaushe ta yi ƙwan ƙarshe?

Tambayar farko ta fi sauran nauyi. Kaza guda mai ɓataccen baya a cikin garke mai lafiya, matsalarta ce ita kaɗai, ana iya jinyarta a gida. Kaji da yawa masu zawo a mako guda, alamar cuta mai yaɗuwa ce, wanka ba zai tsai da ita ba.

1. Kumburin dubura mai fitar da ruwa

Wannan shi ne ainihin ciwon dubura. Wani ruwa fari ko rawaya-rawaya mai yauƙi yakan dinga zuba, ya manne a gashi ya bushe ya yi ɓawo, da wari mai tsami wanda ya sha bamban da warin kashi. Fatar takan yi ja, gashin wurin ya zube, ƙwai ya ragu ko ya tsaya, kazar ta fara ramewa ko da tana ci.

Sau da yawa mai haddasa shi wani nau'in funfuna ne da likitoci ke kira kandida, wanda dama yana zaune cikin hanjin kaza ba tare da ya cutar da ita ba. Yakan yi yawa ne idan jikinta ya yi rauni: ta ci dusa ko tuwon da ya yi funfuna, ta sha ruwan da ya kwana biyu a kasko, ta sha wahalar zafi, ko an daɗe ana ba ta antibiyotik. Wani lokaci kuma bakteriya ce ta shiga ta wani ɗan rauni. Zakara na iya ɗaukar ciwon daga wannan kaza ya kai wa waccan, don haka shi ma a duba shi.

Ga yadda ake jinya:

A ware kazar a cikin kwando ko ƙaramin akurki mai inuwa, a shimfiɗa mata busasshen rairayi ko ƙaiƙayi, a riƙa sauyawa kullum.

A dafa ruwa a bar shi ya huce har ya zama mai ɗumi, wanda gwiwar hannu za ta jure. A zuba gishiri ƙaramin cokali ɗaya, shafaffe, a kowane rabin lita. A zaunar da bayan kazar a ciki minti 10 zuwa 15 har ɓawon ya jiƙa ya saki da kansa. Kada a ɓamɓare shi a bushe, fata zai biyo. Gashin da ya cuɗe a rage shi da almakashi, kada a fige.

A tsane ta da tsumma mai tsabta, a bar ta ta bushe sarai. A lokacin ɗari a yi wankan da hantsi, kada ta kwana a jiƙe.

A shafa wa fatar waje Bétadine da aka sirka da dafaffen ruwa har ya yi kalar shayi marar kauri, ko shuɗin maganin nan na miki. Shuɗin yana da wata fa'ida: yana rufe jan fatar, sauran kaji ba sa kai sara. Idan ya bushe, a shafa ɗan Vaseline ko man kaɗe don kashi ya daina mannewa.

A maimaita haka sau ɗaya ko biyu a rana. A ba ta ruwa mai tsabta da busasshen abinci: hatsi, dawa ko masara da ba su yi funfuna ba, da ɗan ganye.

Idan an yi kwana huɗu ko biyar ba a ga sauƙi ba, a kai ta wajen likitan bisashe. Shi zai tantance ko maganin funfuna take bukata, irin su nistatin, ko na bakteriya. Ciwon da ya daɗe yana iya hawa cikin mahaifar ƙwai. Alamar hakan ita ce ciki ya kumbura ya yi nauyi, kazar ta riƙa tafiya kamar agwagwa, wani lokaci ta fitar da wani curi mai kama da dafaffen ƙwai. Irin wannan kaza da wuya ta koma ƙwai.

2. Zawo

A nan dubura lafiyarta ƙalau, kashin ne ke ɓata ta. Sai dai a sani, kaza mai lafiya takan yi wani kashi mai laushi, ruwan ƙasa, mai wari sosai lokaci zuwa lokaci, wannan ba ciwo ba ne. Haka kuma a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, kaji na shan ruwa da yawa, kashinsu ya yi ruwa-ruwa. Gishiri ko kanwa da suka yi yawa cikin sauran abincin gida su ma suna sa haka.

Zawon da ke bukatar gaggawa ana gane shi da kalarsa da abin da ya zo da shi. Kore, tare da numfashi da ƙyar, murɗewar wuya da mutuwar kaji da yawa, musamman da ɗari, ya fi kama da annobar Niyukasil. Rawaya kamar farar wuta a manyan kaji, tare da kasala da koɗewar tsoro, yana iya zama taifot ɗin kaji. Jini cikin kashin matasan kaji, galibi da damina, alamar ciwon hanji ne da ake kira koksidiyoz. Farin zawo a ƴan tsaki masu mako 3 zuwa 6 da ke tsattsagar duburarsu yana nuna Gumboro. Tsutsar ciki kuma takan kawo zawo mai daɗewa da rama.

Idan kaji suka fara mutuwa farat ɗaya, da yawa, kai da tsoro a kumbure sun yi shuɗi, kada a taɓa su da hannu tsirara, kada a yanka, kada a kai kasuwa. A sanar da ma'aikatar kiwo ta komin nan take. Murar tsuntsaye ta taɓa ɓulla a Magarya a shekarar 2006, kuma cuta ce da ke iya kama mutum.

Ƴan tsaki na kwanakin farko kuwa, kashi yakan toshe musu dubura idan sun sha sanyi ko zafi ya yi musu yawa. A jiƙa da ruwan ɗumi a cire a hankali, a shafa ɗan mai. Idan aka bari, tsakon zai mutu cikin ƴan kwanaki.

3. Fitar baya

Jan nama ne ke fitowa waje bayan kaza ta yi ƙwai, ya ƙi komawa. Ya fi samun ƴan kajin da suka fara ƙwai jikinsu bai gama girma ba, da masu ƙiba, da waɗanda suka saka ƙaton ƙwai mai gwaiduwa biyu, da waɗanda abincinsu ba shi da isasshen kalsiyom. An fi ganinsa a kajin turawa masu ƙwai da ake kiwo a birane irin su Yamai da Maraɗi, amma kazar gida ma yana samunta.

Wannan ba ya jiran gobe. Sauran kaji na ganin jan naman za su sare shi, har su jawo hanji. A ware ta nan da nan. A wanke naman da ruwan ɗumi mai gishiri. Idan ya kumbura, a shafa zuma ko a barbaɗa sukari a bar shi kamar minti 15, yana janye ruwan kumburin. A wanke hannu da sabulu, a yanke farce, a shafa Vaseline a yatsa, a tura naman ciki a hankali, a riƙe na ɗan lokaci.

Daga nan sai a sa ta hutu daga ƙwai, domin ƙwai na gaba zai sake fito da shi. A ajiye ta wuri mai duhu da iska, a ba ta ruwa isasshe, a rage mata abinci zuwa ɗan hatsi da ganye har kusan mako guda. Idan naman ya yi baƙi, ko ya yage, ko ya sake fitowa sau biyu ko uku, gara a yanka ta tun tana da ƙarfi, matuƙar ba ta da wata cuta kuma ba a ba ta magani ba. Yanka a kan kari ya fi a bar ta ta wahala a ƙarshe a binne.

4. Maƙalewar ƙwai

Kazar takan shiga sheƙa ta fito ba ƙwai, tana yunƙuri, jela na sama da ƙasa, ta tsaya a miƙe ciki na ja da ƙasa, ta ƙi ci. Sau da yawa ana jin ƙwan da hannu. Tunda ƙofar ɗaya ce, ƙwan na tare kashi, kuma kazar na iya mutuwa cikin kwana ɗaya ko biyu.

A zaunar da ita cikin ruwan ɗumi minti 15 zuwa 20, a tsane ta, a shafa mai a bakin dubura da ɗan ciki kaɗan, a ajiye ta wuri mai duhu da ɗumi inda ba hayaniya. A ba ta garin ɓawon ƙwai a ɗan jiƙaƙƙen abinci idan tana ci. Ana iya maimaita wankan bayan awa ɗaya ko biyu. Kada a matse cikin da ƙarfi: idan ƙwan ya fashe a ciki, ɓawon zai yanke ta, gwaiduwar ta ruɓe. Idan rabin yini ya wuce bai fito ba, aikin likita ne.

5. Ƙwari da tsutsar ƙuda

Ƙwarƙwatar kaji ta fi son gindin jela da kewayen dubura. Ana ganinta tana gudu a kan fata, ƙwanta kuma fari ne, a dunƙule a gindin gashi. Akwai kuma kaskar kaji da ke ɓuya cikin tsagar bangon akurki da rana, ta fito da dare ta sha jini. Ƙaiƙayin yana sa kaza ta tsattsagi kanta har ta ji rauni, raunin ya zama ƙofar ciwo.

A tanadi wuri busasshe mai rairayi da tokar itace inda kaji za su yi birgima. A share akurki, a ƙone tsohuwar shimfiɗa, a yaɓe tsagar bango. Idan ƙwarin sun yi yawa, a nemi garin maganin ƙwari na kaji wajen likita. Kada a shafa wa kaza piya-piya, maganin feshin gona, kalanzir ko baƙin mai. Suna ƙona fata, suna kashe kaza, kuma suna iya shiga ƙwai da nama.

Da damina, ƙuda na yin ƙwai a kan jiƙaƙƙen gashi mai kashi, cikin kwana guda tsutsa ta ƙyanƙyashe ta fara cin nama. A wanke da ruwan gishiri, a tsince tsutsar ɗaya bayan ɗaya, a sa Bétadine, a rufe kwandon da tsohon gidan sauro, a sake dubawa safe da yamma.

Me ya sa kafson tebur ke ƙara ɓata lamari

Antibiyotik bakteriya yake kashewa. Ba ya taɓa funfuna, ba ya mayar da naman da ya fito, ba ya fito da ƙwan da ya maƙale, ba ya kashe ƙwarƙwata, kuma ba ya maganin Niyukasil ko Gumboro. A ciwon kandida ma ƙara shi yake yi, domin yana kashe ƙwayoyin hanji masu amfani waɗanda ke danne funfunar. Ga shi maganin da ya wuni a rana kan tebur ba a san ƙarfin da ya rage masa ba, wanda aka zuba da ka cikin kasko kuma ba a san nawa kowace kaza ta sha ba.

Akwai kuma batun iyali. Magani na fita cikin ƙwai da nama na wasu kwanaki bayan an daina bayarwa, wasu magungunan ma an hana a ba kaza mai ƙwai baki ɗaya. Idan likita ya rubuta magani, a tambaye shi kwana nawa za a jira kafin a ci ko a sayar. Ƙwan da aka samu cikin waɗannan kwanaki kada a ba yara, kada a kai kasuwa. Yawan cin ragowar antibiyotik na daga cikin abubuwan da ke sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani, a jikin bisa da na mutum.

Bayan kowace jinya a wanke hannu da sabulu, a zubar da ruwan wankan nesa da rijiya da wurin wasan yara. Kazar da ta mutu da ciwo a binne ta da zurfi.

Rigakafi

Ruwa: kaza mai ƙwai na shan kusan rubu'in lita a rana, da bazara kuma yana iya ninkawa. A wanke kasko kullum, a ajiye shi a inuwa, a ɗora shi kan dutse don kada su taka ciki.

Abinci: a jiƙa dusa daidai wadda za su cinye a take. Wadda ta kwana ta yi tsami ko ta yi kore, a zubar. Hatsi zalla ba ya isar mai ƙwai, a haɗa mata da ɗan ƙuli-ƙuli marar gishiri, gara ko garin kifi, da ganye irin na zogale.

Kalsiyom: kowane ɓawon ƙwai na ɗauke da kusan giram 2 na kalsiyom, kuma hatsi da dawa ba su da shi sosai. A tara ɓawon ƙwai, a gasa, a daka sosai, ko a ƙona ƙashi a daka, a zuba a wani kasko dabam su ci gwargwadon bukatarsu. Ƙwai mai taushin ɓawo gargaɗi ne cewa ya yi ƙaranci.

Sheƙa: ta kasance a wuri mai ɗan duhu, da busasshiyar shimfiɗa, yadda sauran kaji ba za su ga mai ƙwai tana saka shi ba.

Zakara: guda ɗaya ya isa kaji kamar 10. Idan zakaru suka yi yawa, suna wahalar da kajin, suna ji musu rauni.

Baƙuwar kaza: wadda aka sayo daga kasuwa ko aka kawo kyauta, a ware ta mako biyu, a duba bayanta da gindin gashinta kafin a haɗa ta da na gida.

Allura: a yi wa dukan kaji rigakafin Niyukasil kafin shigowar ɗari, a kuma tambayi ma'aikacin kiwo lokacin maimaitawa da na ba da maganin tsutsar ciki.

Abu na ƙarshe, a mayar da duba kaji al'ada. Sau ɗaya a mako, ranar da aka zaɓa, a ɗaga jelar kowace kaza mai ƙwai a duba. Aikin ba ya cin minti goma. Ciwon da aka gani a kwanansa na farko, ruwan ɗumi da gishiri da tsabta kan ishe shi. Idan ƙungiyar mata ta garinku na da taron mako, ku kawo kaza guda mai lafiya ku gwada wannan duba tare, kuma ku rubuta lambar ma'aikacin kiwo mafi kusa a littafin ƙungiya, yadda kowa za ta same ta ranar da bukata ta taso.